Bagaruwa a Dunduniyar Inna

Bana ruwa ya yi mana irin halinsa na da. Ya sauka da wuri, kowa ya ruga ya yi shuka, sannan ya ɗauke ƙafa kusan kwana ashirin ana ta kallon gabas. Da ya tashi dawowa kuma sai ya zo kwana uku a jere, ciyawa ta taso ta riga hatsi tsawo. Ni da nake zaune cikin Tawa a gidan siminti ba ni da ko taki ɗaya na gona, amma jikina ya san lokacin noman farko. Da sassafe ina jin 'yan kabu-kabu suna wucewa ta ƙofar gidanmu, sun goya mutane da dogayen hauyoyinsu, za su bayan gari.

Shekaranjiya jikana ya faɗi kan dutse wajen ƙwallo, ya shigo da gwiwa tana jini. Kafin uwarsa ta ɗauko alkol na wanke rauni da bandeji na riga na kama ƙafar, na buɗa wurin da yatsu biyu ina leƙa zurfinsa, yaro na ta ihu. Ɗiyata ta ce, "Mama, ƙujewa ce kawai, mi kike nema ciki?" Na ce ba komai, na sake shi. Ba ta san cewa shekara arba'in da wani abu ke nan ban taɓa ganin rauni na wuce ban duba zurfinsa ba. Ban kuma taɓa gaya mata dalili ba.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ce, ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Ƙauyenmu na arewa da Tawa, tafiyar rabin wuni daga Takanamat, tsakanin dutse da fako, gonakinmu na can gangare inda yashi ya ɗan taru. Tun kafin bazara rumbunmu ya zama ɗakin kaji, su ma kajin daga baya aka cinye su. Babanmu ya bi sauran maza zuwa Abijan neman abin da za a ci. Muka rage mu huɗu a gida: Inna, da Kaka mahaifiyar babanmu, da ni Habsu 'yar fari, da ƙanena Illa wanda ke goye.

Bazarar nan ba na mance ta. Tun kiran sallar asuba muke bin Inna rijiya, a yi ta jan guga sai ya zo da rabin ruwa rabin laka. Kafin hantsi ƙasa ta yi zafin da ba a taka ta sai da gudu. Abincinmu anza ce, wadda sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya ragu, da ganyen jiga, da dussa in an samu. Jiki in bai samu maiƙo daga ciki ba, waje ma sai ya nuna. Ƙaurinmu ya yi fari fat, ana iya rubutu da farce a kai. Leɓuna suka tsattsage, faso ya buɗe a dunduniyar manya da yara, in ka taka sai ka bar ɗigon jini a yashi.

Abin da ya rufa mana asiri aduwa ce. Akwai manyan itatuwanta a bakin korama, fari bai kashe su ba. Mu yara mu tsinto 'ya'yan, mu tsotse zaƙin nan mai ɗaci-ɗaci har harshe ya yi kanta, sannan mu kai wa Kaka ƙwallayen. Ita kuwa ba ta yarda a yar da ko ɗaya. Ta shanya su, ta zauna gindin darni da duwatsu biyu tana fasawa ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsince ƙwayar. Wuni guda cur ba ya cika ƙoƙo. In ta taru sai ta ɗan soya ta sama-sama, Inna ta kirɓa a turmi, a zuba a tukunya da ruwa a yi ta dafawa, har mai ya taso yana yawo a bisa. Kaka ta bi shi da ludayi a hankali tana kwalfewa, tana zubawa cikin ɗan tandunta na fata. Aikin kwana goma ba ya cika tandun nan.

Dokar Kaka ita ce man aduwa ba na ci ba ne, na jiki ne. Bayan magariba takan jera mu, ta ɗiga a tafin hannu, ta murza, ta bi faso da leɓe da gwiwa. Ni kuwa da ta juya sai in lashe nawa leɓen, in miƙo baki a ƙara. Ta ce, "Habsu, wanga baki naki rairayi na, ba shi ƙoshi da mai." Inna ba ta yarda Kaka ta shafa mata, kunyar suruka. Sai ta karɓi ɗigo biyu a yatsa ta shiga ɗaki.

Kaka ba boka ba ce, ba ta kuma taɓa karɓar ko goro don magani ba, amma duk wanda ya yanke ko ya ƙone a unguwarmu gidanmu yake nufa. Kayan aikinta ba su da yawa. Ganyen sabara da take dafawa a wanke rauni da ruwan, ɓawon kalgo na ɗauri, man aduwa, sai garin bagaruwa da take dakawa ta tankaɗe da tsumma ta ajiye a gwangwani. Idonta ya fara rauni a lokacin, don haka ni ce hannunta. A cikin kayan nan duka, bagaruwa na fi yarda da ita. Na ga an barbaɗa ta a gwiwata, kwana biyu wurin ya bushe. Na ga an barbaɗa ta a bayan jakin maƙwabta da mangala ta ci, ƙuda suka watse, fata ta haɗe. Ni dama Allah ya yi ni da gaggawa, har gobe in na ɗora tukunya sai na buɗe ta sau biyar. Maganin da ke aiki ana kallo shi ne magani a wurina.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska ja a gabansa. Muka tsaya tsakar gida yana dukanmu, ba wanda ya gudu, Illa na kuka a bayan Inna. Ƙamshin ƙasar nan har yau ban ji irinsa ba, ko don yunwa ce ta buɗe hanci. Kaka ta shiga ɗakinta ta jawo tulun da ta liƙe bakinsa da laka, ta fasa. Irin hatsi ne. Duk yunwar da muka sha yana nan ƙarƙashin gadonta, ba ta taɓa shi ba. Washegari Inna na gaba da sungumi tana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da dunduniya.

Ya kamata in faɗi yadda Inna take tafiya a lokacin, don babu wanda ya rage da zai faɗa. Doguwa ce, ba ta da jiki, tana ɗaukar tulu daga rijiya har gida ba ta sa masa hannu ba, da goyo a baya, tana kaɗa igiyar guga. Ni sai na yi gudu-gudu nake cim mata. Mata kan ce uwar Illa ba ta san gajiya ba. Gonar da maza biyu ke nomewa ita ta tsaya a kanta ita kaɗai.

Hatsi ya tsiro, ruwa ya ɗauke, muka yi ta roƙo, ya dawo. Da ya dawo harƙiya da ƙarangiya suka taso tare da shi. Wanda bai yi noma ba ba zai gane ba, noman farko ba ya jira. In ciyawa ta rufe hatsi yana ƙarami, ko ka nome daga baya ya riga ya tsumbure. Inna ta shiga gona tun duku-duku, da ruwan dussa a gora, sai la'asar take fita. Ran kwana na huɗu igiyar takalminta ta tsinke, ta ajiye shi ta ci gaba ba takalmi. Wajen azahar ta taka kututturen sabara da aka sassabe tun rani, mai tsini, wanda yashi ya rufe. Ya shige ƙarƙashin dunduniyarta ta dama, ya karye a ciki.

Da rarrafe da dogara hauya ta iso gida. Kaka ta sa ta kwanta rub da ciki a tabarma ƙarƙashin rumfa, ta ɗora ƙafar bisa kifaffen akushi, ta sa ni na zaro itacen da hantsaki tana nuna mini da laluben yatsa. Tsawonsa ya kai gaɓa biyu na ɗan yatsa. Bakin raunin ƙarami ne, ba ka ce wani abu ba, amma ramin ya yi nisa. Aka wanke da ruwan sabara mai ɗumi. Na ruga na ɗauko gwangwanin bagaruwa, Kaka ta bugi hannuna.

"Aje. Wanga ba nata na ba," in ji ta. "Taho ki gani da idonki, tunda nawa sun gaji."

Ta ciro auduga, ta murza ta a cinya har ta yi siririya kamar lagwanin fitila, ta tsoma a man aduwa, ta tura cikin ramin a hankali, ta bar jela a waje. Sannan ta ɗaure da tsumma da ɓawon kalgo.

"Rauni mai zurhi daga ƙasa shika cikowa," ta ce. "Aikin lagwanin ga shi hana baki ruhewa, shi jawo ƙazanta waje. Kullum a sake sabo, kullum a rage tsawonai kaɗan. Bagaruwa sai ya ciko dut, sannan a barbaɗa. Kin jiya?"

Na ce na ji. Na tambaye ta kwana nawa zai ɗauka. Ta ce ashirin, ko da ɗoriya. Inna na kwance tana ji, fuskarta na cikin tabarma.

Kwana uku Kaka na tsaye a kaina ina yi, har hannuna ya saba. A daidai nan dussar gidan ta ƙare ƙat, nonon Inna ya fara ɗaukewa, Illa ya koma tsotson banza yana kuka. Kaka ta ce za ta wajen ƙanenta can yankin Bambeye, ko Allah ya sa a samu wani abu. Ta bi wasu maƙwabta masu jaki, tafiyar kwana biyu zuwa, biyu dawowa, ban da na zama. Da za ta fita ta miƙa mini tandun da hannu biyu, ta ce, "Ƙahwar uwarki na hannunki."

Da safe in gyara ƙafar, in ɗauki 'yar hauyata in tafi gona. Me hannun yarinya mai yunwa zai yi? In noma layi biyu, ido ya fara ganin duhu, in zauna. Ina kallon hatsinmu yana rawaya a cikin ciyawa, na maƙwabta kuwa da aka nome ya yi kore shar. In na dawo Inna ba ta tambayata. Ni 'yar fari ce, ba ta kiran sunana, ba ta doguwar magana da ni, sai dai "ke" ko "yarinyar ga". Amma duk macen da ta leƙo gaisuwa sai ta tambaye ta ko ta bi ta wajen gonarmu. Ina jin amsar da ake ba ta. "Da sauƙi, uwar Illa, ke dai ki ji da ƙahwa." Kowa ya san abin da da sauƙi ke nufi.

Na yi lissafina na yara. Kwana ashirin, ciyawa ta cinye gona. Bagaruwa kuwa kwana biyu, uku. Na ce a raina Kaka ta tsufa, tsofaffi kuma komai nasu da nawa ne. Kuma raunin yana ƙarƙashin ƙafa, Inna na kwance rub da ciki, ba ta ganin abin da nake yi.

Kwana biyu da tafiyar Kaka, da hantsi, na zare lagwanin, na wanke da ruwan sabara yadda aka koya mini. Maimakon in murza sabo sai na jawo gwangwanin da na ɓoye a zanena, na ɗebi garin da yatsu uku na danna a bakin raunin, na ƙara, na danna. Ƙafar ta zabura a hannuna. Na ji Inna ta ja iska ta haƙora. Na yi maza na ce ruwan ne bai huce ba. Ta ɗan jima, sannan ta ce, "To."

Haka na yi kwana huɗu, safe da yamma. Bagaruwa ta yi aikinta kuwa. Bakin ya tsuke, ya bushe, ya yi baƙin ɓawo mai tauri. Ran na biyar Inna ta tashi ta gwada takawa, ta ɗan yamutsa fuska, ta naɗe ƙafar da tsumma, ta zura tsohon takalmin taya na babanmu, ta ɗauki hauya. Ina biye da ita da Illa a bayana, raina fes, ji nake duk ƙauyen nan babu mai wayona. Kwana biyu ta yi tana noma kamar ana korar ta, ba ta ko zama shan ruwa. Ta gama gefen gabas kaf, wajen da ƙasa ta fi kyau, ta haɗe shi da wanda ta noma kafin ta ji ciwo.

Ran na uku ba ta tashi ba. Jiki ya yi zafi rau, ƙafa ta kumbura har ƙauri tana sheƙi, kaluluwa ta fito a matsematsi. Tana rawar ɗari cikin zafin damina, na lulluɓa mata duk zannuwan gidan. Na dafa sabara na wanke, na shafa mai a bisa ɓawon, na yi duk abin da na sani. Ɓawon nan da nake alfahari da shi ya ƙi ko motsi. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba idona ba.

Kaka ta dawo washegari da azahar, da tiya huɗu na dawa a ka. Ba ta sauke kayan ba ta tsaya bakin rumfa tana shaƙar iska. Sannan ta durƙusa, ta kwance tsumman, ta bi wurin da yatsa. Ta daɗe tana shafa ɓawon.

"Ina lagwani?" ta ce.

Ni take tambaya. Ina tsaye da Illa a baya, ina jin zufa na bin ƙafafuna.

"Habsu, da ke nike. Wa yas sa bagaruwa nan?"

Sai muryar Inna ta fito daga cikin zannuwa, a shaƙe. "Iya, ni nis sa ta. Ni nic ce ta bar lagwanin."

Tun da aka kawo Inna gidan ban taɓa jin Kaka ta ɗaga mata murya ba sai ran nan. "Ke da hankalinki? Yarinya ta yi, ke ma ki yi? Gona ta hi ƙahwa? Hatsi in ya mutu bana a shuka baɗi, ƙahwa hwa, wa ka shuka ta?" Inna ta ce, "Ki yi haƙuri, Iya." Ni kuwa na tsaya na bar ta ta ɗauka. A wajenmu uwa ba ta tsaya wa ɗan fari a gaban suruka, ko dukansa ake sai ta kau da kai. Na gane a take cewa ta gano abin da na yi, kuma wannan ce kaɗai hanyar da take da ita ta rufe ni.

Aka kira wanzami ya yi sakiya. Ya sa ƙarfensa a wuta har ya yi ja, mata huɗu suka danne Inna. Aka kore ni bayan ɗaki, amma darnin kara ba ya tare sauti, ba ya tare ƙauri. Sau ɗaya ta yi ƙara. Abin da ya fito ya kusa cika ƙoƙo. Da zazzaɓin ya ƙi sauka, maƙwabta suka ɗora ta a amalanken jaki zuwa likita, aka yi mata allurai, aka ce da an ƙara kwana biyu da sai dai a yanke. Da ta dawo Kaka ta koma farko, ruwan sabara da lagwani da man aduwa, amma yanzu ramin ya ninka na da. Ba ta karɓe aikin daga hannuna ba, don ba ta san ni ce ba. Kwana ashirin da na ƙi jira ya koma arba'in da wani abu.

Matan unguwa sun yi mana gayya wata safiya. Gayya ba tuwo ba fura, sai ganyen tafasa da muka dafa musu da ɗan gishiri, suka ci suna dariya suna cewa sun ga gayyar sarauta. Sun nome abin da ya rage, Allah ya saka musu, amma lokaci ya wuce, wannan gefen kara kawai ya yi. Gefen gabas ne ya ba da hatsi. Da ya fidda kai muka fara gasa tumu, Illa ya riƙe zangarniya da hannu biyu yana gwaguya da haƙoransa huɗu. Abin da muka girbe bai cika rabin rumbu ba, amma shi ya kai mu har babanmu ya dawo.

Raunin ya cika daga ƙasa kamar yadda Kaka ta faɗa, aka barbaɗa bagaruwa a ƙarshe, ya rufe. Sai dai jijiyar ta riga ta ƙanƙance. Daga shekarar nan dunduniyar Inna ta dama ba ta sake taɓa ƙasa ba, da yatsu take takawa. Tulu ya koma sai da hannu, daga baya ma ni ke ɗauka. Babanmu ya zo mata da takalmin roba mai kyau daga Abijan, na hagu ya cinye, na dama dunduniyarsa na nan sabuwa har aka yar. Kaka ta yi shekara shida bayan haka. Duk yarinyar da ta zo koyon ɗaurin rauni sai ta ce mata, "Kar ki yi gaggawar uwar Illa." Inna na jin ta, tana tankaɗe ko tana tsinke zogale, ba ta ɗaga kai. Ni ma ina ji. Har Kaka ta koma ga Allah ban buɗe baki ba, kuma wannan na cikin abubuwan da nake neman gafara a kansu.

Tabon ya zama abokin zama. Duk rani sai ya bushe ya dare, ya hana ta barci, ba abin da ke lausasa shi sai man aduwa. Da aka yi mini aure na dawo Tawa, duk mai zuwa ƙauye sai na ba shi kwalba ya kai mata. Na sha saya mata man shafawa na farmasi, mai ƙamshi, mai tsada. Ta gwada ta ce wannan bisa fata yake zama, ba ya shiga. Bayan rasuwar babanmu na ɗauko ta ta dawo wurina. Kullum bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a inuwar dogonyaro, ta kwanta rub da ciki, in ɗora ƙafar a cinyata in yi ta murzawa. Ba ma hira sosai. Ita ta yi ta jan tasbaha, ni in yi ta kallon tabon nan mai kama da bakin jakar da aka tsuke.

Wata damina, shekararta ta ƙarshe ashe, muna haka hadari na haɗuwa, sai na ji ba zan iya ci gaba da riƙe maganar ba. Ina da jikoki a lokacin.

"Inna, akwai maganar da nike son in hwaɗa maki tun ina yarinya. Bagaruwar nan, ba ki sa ni ba. Ni niy yi da kaina, ina ɓoyo, kina kwance ba ki gani. Ni nil lalata maki ƙahwa, kuma nib bar Kaka ta tahi tana ganin laihinki. Ki yahe mani."

Tasbahar ta tsaya. Ba ta juyo ba, fuskarta na wajen bango.

"Ke," ta ce, "mai sanyi garai, bagaruwa kuwa zahi. Kina tsammanin ƙahwata ba ta san bambanci ba? Tun ɗibar hwarko nij ji."

Na ce, "To mi yas sa ba ki hana ni ba?"

"Don ni ma so nike shi ruhe. Ina kwance ina jin kukan Illa, ina jin abin da mata ka cewa. Kullum ina son in ce maki ɗauko gwangwanin, kunyar maganar Iya ta hana ni. Sai ga shi kin ɗauko. Abin da nig gaya ma Iya ba ƙarya na ba."

Hawaye na zuba bisa ƙafar, suna haɗuwa da man.

"Kwana biyun da nin noma, su kunka ci har ubanku yad dawo," ta ce. "Da nij jira kwana ashirin, ban sani ba ko da Illa na raye. Ƙahwa guda ba ta yi tsada ba. Shekara nawa kina ɗauke da wanga abu ke kaɗai?"

Na ce arba'in, ko kusa.

Sannan ta miƙo hannu ta baya, ba ta duba ba, ta lalubo nawa ta riƙe, ta ce, "Da kin tambaya."

Yayyafi ya fara sauka. Na ce mu shiga ciki. Ta ce a'a, in ƙarasa tukuna, gefen dunduniyar bai sha ba.